Darasi: Ɗanyen Barsim da Kumburin Cikin Shanu

Barsim ciyawa ce mai ganye uku-uku, dangin wake da gyaɗa. A Masar an daɗe ana noma ta, a bakin kogin Nilu. Ana shuka ta wajen watan Oktoba, a yi ta yanka tana sake tohowa har zuwa watan Mayu. Manoman Indiya da Pakistan ma suna noma ta sosai, 'yan'uwanmu mazauna Sudan kuwa sun saba ganin damman barsim a kasuwa. Tana kawo nono, tana sa ƙiba, tana gyara ƙasa. Amma saniyar da aka saki cikinta da sassafe, da yunwa, tana iya faɗuwa matacciya kafin azahar.

Ko ba ku taɓa ganin barsim ba, darasin nan naku ne. Ɗanyen ganyen wake da lablab (wani dangin wake da ake shuka wa dabbobi) da lallausan tohon farkon damina su ma sukan kumbura dabba.

Abin da ke faruwa a tumbi

Tumbin saniya yana gefen hagu. A nan ciyawa ke jiƙa tana narkewa, kuma narkewar nan tana haifar da iska mai yawa, lita 30 zuwa 50 a awa guda ga babbar saniya. Lafiyayyar saniya ba ta damuwa da wannan, don kusan kowane minti sai ta yi gyatsa. Ku tsaya kusa da wadda ke tuƙa a inuwa, za ku ji.

Ɗanyen barsim yana da taushi, yana narkewa da sauri, ruwansa kuma yana da yauƙi. Idan ya yi yawa a tumbi, sai iskar ta kasa taruwa a sama inda za ta fita. Sai ta cuɗe da abincin ta zama kumfa mai kauri, ita kuwa kumfa ba ta fita da gyatsa. Tumbi ya yi ta cika har ya danne huhu da manyan jijiyoyin jini. Rashin numfashi ne ke kashe dabbar. Sau da yawa wadda ta fi ci, ta fi kyan jiki, ita ake fara rasawa, abin da ke ƙona ran mai garke ke nan.

Ku dubi kwiɓin hagu, wato ɗan ramin nan da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu. A lafiyayyar saniya wurin a lotse yake. Idan ya cike, ya taso har ya kusa kai tsayin gadon baya, kuka danna da hannu kuka ji ya ɗaure tam, to kumburi ya kama. Saniyar za ta daina ci, tana harbin cikinta, tana kwanciya tana tashi, tana yawan fitsari da kashi. In ta miƙe wuya, ta buɗe baki, harshe a waje, saura ƙiris.

Kafin likita ya iso

A fitar da garken duka daga gonar nan take, a aika a kira likitan dabbobi. Kada a kora mai ciwon da gudu. A tsayar da ita inda ƙafafun gaba suka fi na baya tudu. A gitta mata sanda a baki, a ɗaure da igiya ta bayan ƙaho, don taunar sandar tana kawo yawu, yawu kuma yana rage kumfa.

Sai a ba ta man gyaɗa ko wani man girki, rubu'in lita zuwa rabin lita ga babbar saniya. Tunkiya ko akuya, abin da bai wuce rabin ƙaramin kofin shayi ba ya isa. Duk macen da ta taɓa ɗiga mai a tukunyar wake da ta taso da kumfa ta san aikin da man zai yi. Wurin ɗurawa ne ake yawan yin ɓarna. A sa bakin kwalba ta gefen baki, a zuba kaɗan-kaɗan, a bar ta ta haɗiye da kanta. Kada a ja harshenta, kada a ɗaga kanta sama sosai, in ta yi tari a dakata. Man da ya shiga huhu yakan kashe dabbar da ta tsira daga kumburi. Baƙin mai na inji kuwa guba ne, kada wani ya ba ku shawararsa ku ɗauka.

Huda kwiɓi aikin wanda aka koya wa ne, kuma sai dabba ta kai gargara. Ga kumburin kumfa ƙaramar huda ba ta cika fitar da komai ba, kumfar toshe ramin take yi.

Akwai wani kumburin daban, na mangwaro ko dankali da ya maƙale a maƙogwaro. Shi mai ba ya yi masa magani, sai an kawar da abin da ya toshe hanya. Gyauron dawa ma yana kashe shanu da gaggawa, amma guba ce a ganyensa, ba kumfa ba.

Rigakafi

Kada saniya ta shiga barsim da ciki wayam. A fara ba ta busasshiyar ciyawa ko kara, a jira rana ta ɗaga raɓa ta bushe. Kwanakin farko awa ɗaya ta isa, makiyayi yana tsaye yana kallon kwiɓinsu, sannan a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Mai shuka barsim a filin kiwo ya gauraya da ciyawa, kada barsim ya wuce rabin abin da ke filin. Mai yanka ya kawo gida kuwa ya baza shi ya ɗan yi yaushi, ya haɗa da busasshen abinci. Saniyar da ta saba kumbura a ware ta.

Aikin gida

Gobe da safe kowa ya duba kwiɓin hagu na dabbarsa kafin ta ci, ya sake dubawa bayan ta ƙoshi, ya rubuta bambancin a layi biyu. A ƙasa ya rubuta yawan man da ake ba saniya, da lambar wayar likitan dabbobi mafi kusa da shi.