Ɗaga a-kori-kura sama: kurakuran da aka fi yi, da yadda ake kauce musu

Tambayar da mai mota ya fi zuwa da ita gareji ita ce, "Inci nawa za a iya ɗaga mini ita?" Tambayar da ya kamata a fara da ita kuwa ita ce nauyin da motar ke ɗauka kullum, da irin hanyar da take bi. Yawancin a-kori-kurar da ke dawowa da rawar sitiyari, ko cin taya, ko karkarwar furofela bayan an ɗaga su, tun a wurin zaɓen kaya aka ɓata su, kafin ma a taɓa sifana.

Sai ka fara sanin irin ƙafar gaban motarka, domin gyaran wannan ba shi ne na waccan ba. Ford F-250 da F-350 daga 1999, da Ram 2500 da 3500, masu jan ƙafa huɗu, da Toyota Land Cruiser 79, duk aksil guda ne miƙaƙƙe a gaba, tayoyin biyu suna kan ƙarfe ɗaya. Chevrolet Silverado 2500HD da ƴar'uwarta GMC Sierra kuwa kowace ƙafar gaba cin gashin kanta take yi, kuma wata doguwar sandar ƙarfe mai murɗuwa ce ke riƙe nauyin. Hilux ma, in ban da tsofaffin nan masu aksil miƙaƙƙe, ƙafafunta na gaba a rarrabe suke: na kafin 2005 suna da irin wannan sanda, waɗanda aka yi daga wajen 2005 kuma naɗaɗɗen sifirin ne a jikin shoka. Ko a gida ɗaya shekara tana canja komai. F-250 ta 1999 zuwa 2004 sifirin mai falle-falle ne a gabanta, daga 2005 aka koma naɗaɗɗe. Ram 2500 kuma daga 2014 naɗaɗɗen sifirin ne har a baya. Kada ka yi odar kaya da sunan mota kawai. Ba mai sayarwa lambar casis, da shekara, da irin inji, domin injin dizal ya fi na fetur nauyi sosai, kuma sifirin gabansu ba ɗaya ba ne.

Abin da ɗagawa ba ta yi

Ɗaga mota ba ya ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya ko da kilo ɗaya. Adadin da kamfani ya buga a jikin allon motar yana nan yadda yake, don birki da aksil da casis ba su canja ba. Sifiri mai ƙarfi zai hana bayan motar durƙushewa, sai mai ita ya ga tana tsaye ƙyam ya ƙara buhu goma. Bayarin ƙafa da birki ne za su biya kuɗin.

Haka kuma a mota mai aksil miƙaƙƙe, ɗagawa ba ta nesanta tulun aksil, wato kumburin nan na jikin aksil da haƙora ke ciki, da ƙasa. Bodi da casis ne ke hawa sama, tulun yana nan inda yake. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma da rabin abin da aka ƙara mata: tayar da ta fi tsohuwar tsayi da milimita 56 za ta ɗaga tulun da milimita 28 ne kacal. Wanda damuwarsa tulun aksil da ke dukan tudun tsakiyar hanya, taya yake buƙata, sai kuma ɗagawa daidai gwargwadon da tayar za ta samu wurin juyawa. Ga motar aiki, milimita 50, wato inci 2, ya wadatar. Daga inci 4 zuwa sama kusan kowane ƙarfe da ke ƙarƙashin motar sai an sake shi ko an saukar da mazauninsa, kuma kuɗin ba ninki biyu yake yi ba, ya fi haka.

Zaɓen sifiri da ido

Kamfanonin Ostireliya irin su Old Man Emu da Dobinsons suna rarraba sifirinsu ne bisa nauyin da ke kan mota dindindin. Akwai na motar da ke yawo fanko, akwai na mai ɗauke da ɗaruruwan kilo ko da yaushe. Mutane suna ɗokin sayen mafi kauri, wai don ya fi ƙarko. Sa irin wannan a motar da bayanta fanko ne, sai ta riƙa tsalle a kan gargada, tayoyin baya suna barin ƙasa, birki yana kasa kamawa, fasinja kuma ya sauka da ciwon baya. Sa mai laushi a motar da ke ɗaukar durom-durom na ruwa da mai, irin masu bin hanyar Agadas zuwa Dirku, cikin ƴan watanni ya kwanta, tsayin da aka saya ya tafi.

Gyaran ba wuya. Loda motar da kayan da take ɗauka a ranar aiki, tanki cike, ka kai ta sikelin manyan motoci a auna gaba daban, baya daban. Ƙarfen kare gaba, injin jan igiya, batir na biyu, tayar safaya biyu, rumfar ƙarfe: duk a lissafa su. Sannan kafin a kwance komai, a fili mai shafe, auna daga tsakiyar ƙafa zuwa bakin bodi a kusurwa huɗu ka rubuta. Ba daga ƙasa ake aunawa ba, don iskar taya tana ruɗa awon. Wanda bai yi wannan ba, ba zai taɓa sanin nawa motar ta hau ba, kuma in ta karkata gefe ɗaya ba shi da hujja.

Hanyoyin araha

Gasa sifiri da wuta a buga shi don ya ƙara lanƙwasa gyaran gangar Abzinawa ne. Wuta tana kashe taurin ƙarfen, sai ya kwanta ko ya karye, sau da yawa a kusa da santa bol. Tsawaita maratayar sifiri da walda yana ba da rabin tsayin da aka ƙara ne kawai, ya kuma juyar da bakin tulun aksil. Toshen ƙarfen da ake sawa tsakanin aksil da sifirin baya yana da wurinsa idan gajere ne, amma ba a ɗora ɗaya bisa ɗaya. F-250 tana zuwa da nata tun daga kamfani. Cire shi ake yi a sa dogo guda ɗaya. Dogon toshe yana ba aksil damar murɗe sifiri idan an taka totur da kaya, sai ka ji bayan motar yana bugawa. A gaba kuwa ba a sa toshe sam.

Masu Silverado da tsohuwar Hilux suna da tasu jarabar: ƙara ɗaure notin sandar murɗuwa har gaban ya tashi. Ai kyauta ne. Sai dai duk milimitar da ka hau sama, ka cinye ta ne daga sararin da ƙafar ke da shi na sauka cikin rami. Idan sararin ya ƙare, kowane rami sai ka ji ƙwal, boljoyin da tayarod su fara mutuwa da wuri. A sabuwar Hilux kuma akwai lissafin da ake mantawa: shoka tana zaune ne a tsakiyar hannun ƙafa, saboda haka zoben milimita 25 da aka ɗora a kanta yana ɗaga motar kusan ninki biyu. Mai son 50 ya sa zoben 50, sai ya tarar shaf ɗin gaba ya karkace, robarsa tana yagewa, giris yana fesuwa a cikin rim. Bayan an gama aiki, ɗaga gaban da jak har taya ta rataye ka sake awo. A samu saura wajen milimita 60 na sauka. In bai kai ba, ko dai a rage tsayin ko a sa hannun sama da aka ƙera don motar da aka ɗaga.

Sitiyarin da ke yawo

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi tsallakewa. A Land Cruiser 79 da F-250 ta 2005 zuwa sama, dogayen hannuwa biyu ne ke riƙe aksil ɗin gaba daga casis. Idan casis ya hau sama, hannuwan suna sunkuyawa, aksil ɗin ya ɗan mirgina gaba, sai kwanciyar da ke sa sitiyari dawowa tsakiya da kansa ta ragu. Makanikai kasta suke ce mata. Ɗagawar milimita 50 tana iya cin digiri 2 zuwa 3. Alamarta ita ce motar ta riƙa bin kowane layin kwalta, direba yana ta kamo ta, bayan an sha kwana kuma sitiyarin ba ya komawa. Mai alaimen na gefen titi yawanci buɗewar taya kawai yake daidaitawa, wannan kuma ba ta shafi kasta ba. A ƙaramar ɗagawa ana sa bushin mai karkataccen rami a hannuwan, kuma dole a danna shi da alamarsa a inda takardar ta nuna, in ba haka ba ya ƙara lalata abin. A babbar ɗagawa sai an saukar da mazaunin hannuwan ko an sa sababbi. Nemi a buga maka takardar awon na'ura ka ga lambar da idonka.

Akwai kuma sandar da ke kwance a gicciye, wadda ke hana aksil zamewa hagu ko dama. Da motar ta hau, sandar tana jan aksil gefe ɗaya. A inci 2 ƴan milimita ne, a inci 4 da ido za ka ga taya ɗaya ta fi leƙowa waje. Ana sa sanda mai zare da ake iya tsawaitawa. Abin lura shi ne, wannan sanda da sandar da ke jan sitiyari dole su kwanta a layi ɗaya. Idan aka saukar da mazaunin ɗaya aka bar ɗaya, duk lokacin da mota ta hau tudu sitiyari zai fizge da kansa.

Ita kuma muguwar rawar nan da gaban mota ke kamawa bayan an daki rami da gudu, wadda ba ta tsayawa sai an rage gudu ƙwarai, an san ta sosai a F-250 da Ram. Sabuwar shokar sitiyari tana ɓoye ta ne na ɗan lokaci. Bar motar a ƙasa, wani ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, kai kuma ka kwanta da tocila ka kalli kowace gaɓa. Za ka ga inda kan bol yake motsi a cikin raminsa, galibi a bakin sandar gicciyen. Wannan binciken kafin ɗagawa ake yin sa, domin ƙarin tsayi da babbar taya suna fito da kowane lalataccen bushin fili.

Ƙananan abubuwa masu kisa

Tiyon birki. Rataye aksil gaba ɗaya, juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, ka taɓa tiyon: in ya miƙe kamar tsirkiya, a sa dogo, a fitar da iska daga birkin. Haka wayar ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an taka birki, da siririn tiyon numfashin aksil. Tsofaffin Land Cruiser da Hilux marasa ABS suna da wani bawul a baya mai sanda zuwa aksil, wanda ke ƙara wa birkin baya ƙarfi idan kaya sun danne motar. Da an ɗaga ta, bawul ɗin yana ɗauka motar fanko ce ko da tana cike, sai ya rage birkin baya. Ana ɗaga mazaunin sandar a kan aksil daidai da tsayin da aka ƙara.

Shoka kuma ba a barin tsohuwa. Gajeriya tana ƙarewa kafin sifiri ya gama buɗewa, har ta tsinke kunnenta. Wadda ta yi tsawo da yawa tana dakuwa kafin robar tsayawa ta taɓa, ko ta bar naɗaɗɗen sifiri ya fice daga mazauninsa. Idan motar tana karkarwa lokacin tashi daga tsaye, duba furofela mai gaɓa biyu: ƴar shimfiɗar ƙarfe a ƙarƙashin bayarin tsakiya, ko tsinin ƙarfe a ƙarƙashin sifirin baya, yakan kawar da ita.

Taya da rim

Ramukan noti ba ɗaya ba ne: F-250 ramuka 8 a kan da'ira mai faɗin milimita 170, Silverado HD daga 2011 kuma 8 a kan 180, Hilux 6 a kan 139.7, Land Cruiser 79 kuwa 5 a kan 150. Rim ɗin da ya turo taya waje sosai yana da kyan gani, amma yana cin bayarin ƙafa, yana kuma sa taya goge bodi a kwana. Duba nauyin da aka buga a jikin rim da taya. Babbar a-kori-kura tana son taya mai alamar LT, wato ta motar ɗaukar kaya, ajin E. Daga 265/70R16 zuwa 285/75R16 tsayi ya ƙaru da kashi 7 cikin 100, wato allura tana nuna 100 kana kan 107, motar kuma ta yi nauyin tashi. Wanda ya tashi daga taya inci 33 zuwa 37 a kan haƙoran aksil 3.73, in yana son dawo da ƙarfin tashi, lissafi zai kai shi wajen 4.18, sai ya zaɓi 4.10 ko 4.30, gaba da baya tare. Safaya ma ta zama girman sauran. Mai jan tirela kuma ya sake auna tsayin maƙalar, don tirelar da ta ɗaga hanci tana lilo.

Ranar ɗauri

A ɗora casis a kan ƙafafun ƙarfe, jak yana tallafe da aksil. Ba a shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai ko kan bulo. Yu-bol, wato bol mai siffar U da ke ɗaure sifiri da aksil, sabo ake sawa, domin tsohon ya riga ya miƙe. A ɗaure notinsa a gicciye, kaɗan-kaɗan, da sifana mai awon ɗauri, zuwa lambar da ke littafin motar. Duk bol ɗin da ya ratsa bushin roba a bar shi sako-sako har sai an sauke motar a kan tayoyinta, an girgiza ta, sannan a ɗaure. Idan aka ɗaure shi motar tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ta yage da wuri, motar ma ta tsaya a tsayin ƙarya.

Daga nan sai alaimen, sai saita fitilun gaba don kada su riƙa makantar da masu tahowa. Motoci na baya-bayan nan masu kyamara da na'urar hango abin da ke gaba suna buƙatar a sake saita su da kwamfuta. A gwada birki da kwana a fili marar mutane, domin motar da ta hau sama ta fi saurin jirkicewa, musamman in akwai kaya a rufi. Bayan tafiyar kilomita 500 zuwa 800 a dawo gareji a sake bin yu-bol, da bol ɗin sandar gicciye, da notin taya da sifanar awo, a ɗiga wa kowanne fenti don in ya motsa a gani, sannan a sake auna kusurwa huɗun a gwada da lambobin farko.