Yadda ake zaɓar gidan raino da ya dace da shekarun yaro

A gidan yawa, mace ba ta rasa inda za ta ajiye ɗanta in za ta fita. Ga kaka, ga ƙanwar miji, ga matar wa, goyo ma sai an yi ta rige-rigen ɗauka. Amma malamar makaranta ko nas ko ɗalibar jami'a da ke zaune daga ita sai mijinta a Kano ko Kaduna ko Abuja ba ta da wannan gatan. Dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ta ba mai jego hutu. Jihar Kaduna ta mayar da na ma'aikatanta wata shida a 2019, sai dai ba kowa ke aiki da gwamnatin Kaduna ba. Ke nan jarirai da yawa tun suna wata uku suke fara wuni a hannun wata.

Gidan raino kuwa ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda ya yi wa ɗan shekara huɗu daidai yana iya cutar da ɗan wata huɗu. Ga yadda za ki bi ki tantance.

Mataki na farko: ƙirga hannuwa

Kafin ki tambayi kuɗin wata, tambayi yara nawa ne a hannun mai raino ɗaya, a ɗakin da za a sa naki. Likitocin yara a Amurka suna ba da shawarar jarirai uku ga mutum ɗaya, 'yan shekara ɗaya da 'yan shekara biyu kuma huɗu, 'yan shekara uku bakwai. Da wuya ki samu haka a nan, in kin samu ma kuɗin zai kore ki. Amma ki riƙe shi a matsayin ma'auni. Mace ɗaya da jarirai goma ba raino take yi ba, gadi take yi, komai kirkinta. Kuma ki ƙirga da idonki, kada ki ɗauki lissafin shugabar wurin, domin wani lokaci har da mai shara da mai gadi ake haɗawa.

Tambayi kuma tun yaushe mai rainon take aiki a wurin. Inda ake canza ma'aikata duk bayan wata biyu, yaro ba ya samun fuskar da zai saba da ita.

Mataki na biyu: je ba sanarwa

Ranar da aka ba ki don zagayawa, an share, an fesa turare. Ki koma wata rana da hantsi, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da yunwa da barci da kashi suke haɗuwa. Ki nemi wuri ki zauna kamar rabin awa.

Ki kalli yadda ake canza wa jariri famfas. Akwai wadda za ta fizgo ƙafafunsa, ta goge, ta ɗaure, idonta na kan waya. Akwai kuma wadda za ta sunkuyo tana cewa, "Kai, ɗan Baba, wa ya yi wannan aika-aikar? Kai ne? To ɗaga ƙafa mu gani," shi kuma yana wangale baki yana amsa mata da gwarancinsa, ta dakata ya gama, ta sake amsa masa. Minti biyu ne duka, amma a cikinsu aka koya masa cewa magana ba-ni-in-ba-ka ce. Wannan matar kike nema, ko da ginin nasu ba fenti. Sannan ki duba ko ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa kofin wani yaron.

In ɗakin tsit yake, jarirai duk suna sharar barci a lokaci guda da tsakar hantsi, ki tambayi me ake ba su. Maganin mura mai sa barci ba abin lallashin yaro ba ne, kuma ba a ba ɗanki kowane magani sai da saninki.

Mataki na uku: in jariri ne, daga haihuwa zuwa shekara ɗaya

Nan ne ya kamata ki fi tsananta bincike, domin shi ba ya iya kawo ƙara.

Fara da nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa, duk zafin garin. Ki faɗa musu wannan ɓaro-ɓaro, domin tsohuwa mai tausayi tana iya ɗura masa ruwa da kyakkyawar niyya. Zuma ma ba a ba yaron da bai cika shekara ba. In wurin yana kusa da aikinki, dokar ƙwadago ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana don ta shayar, ki yi amfani da haƙƙinki. In da nisa, ki tatsa a kofi mai murfi, ki rubuta sunansa da lokacin da kika tatsa. Nonon da aka tatsa yana kai awa huɗu a ɗaki mai sanyi-sanyi, a firji kuma kwana huɗu. A zafin bazara da wutar da ba ta zama, ki haɗa da ƙaramar kula da ƙanƙara. Kofi da cokali sun fi fida sauƙin wankewa, kuma kada a taɓa jingina wa jariri fida a baki a tafi a bar shi.

Sai barci. A kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai tauri, shi kaɗai, ba filo ba tulin zannuwa, a cikin gidan sauro. Idan ya farka kuma a sauko da shi tabarma a kifa shi rub da ciki ana kallonsa, aƙalla minti 30 a rana in an tattara. Da haka wuya da kafaɗu suke ƙarfi, daga nan zama, daga nan rarrafe. Jaririn da ya wuni a gadon katako yana kallon silin, ko a ɗaure a kujera, an tauye shi. Goyo yana da kyau ƙwarai, yana kwantar masa da hankali, amma kada ya wuce awa guda a jere ba a sauke shi ya motsa ba.

Daga wata shida a fara kunu mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali kamar ruwa, na gero da waken suya da gyaɗa, sai faten wake, ƙwai, dakakken kifi, ganyen zogale. Ki tambaya ko kowane yaro da cokalinsa.

Mataki na huɗu: in ya fara tafiya, shekara ɗaya zuwa uku

Yawancin yara suna taka ƙafa tsakanin wata tara da wata 18. Daga ranar nan komai na wurin ya zama nasa, don haka ki durƙusa daidai tsayinsa ki kalli ɗakin da tsakar gidan. Bokitin ruwa a buɗe ya isa ya halaka ɗan shekara ɗaya. Rijiya tana da murfi mai kwaɗo? Akwai kananzir a robar lemo? Soket fa, da janareta, da ƙofar da ke fita titi? Gyaɗa guda-guda da alewa mai tauri suna maƙalewa a maƙogwaro, ba na wannan shekarun ba ne.

Bayan tsaro, abin da yake buƙata fili ne da baki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu ya samu aƙalla awa uku na motsa jiki a rana. Ta ce kada a zaunar da wanda bai kai shekara biyu ba gaban talabijin ko waya, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya. Wurin da aka kafa katuwar talabijin ana kunna katun daga safe har la'asar, ni dai ba na kiransa gidan raino.

Kada kayan wasan kanti su ruɗe ki. A birnin Kingston na Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 'yan wata tara zuwa 24 waɗanda rashin abinci ya tsumburar da su. Ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa zuwa gidajen wasunsu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka bibiye su, aka tarar abin da suke samu a sana'a ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa hakan ba da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Gwangwanin madara da cokali, kwali, ƙoƙo da ludayi, 'yar tsana ta tsumma, tulin yashi mai tsabta, sun wadatar, muddin akwai babba a zaune kusa yana cewa "wannan babba, wannan ƙarami, zuba a ciki, juye."

Wajen shekara biyu yaro yakan fara haɗa kalma biyu: "Mama zo", "ba ni". Da wane harshe ake masa magana? Wasu wuraren suna alfahari da cewa sun hana "banakula", wato harshen gida, alhali mai rainon kanta Turancin nata bai wuce na umarni ba: zauna, yi shiru, zo nan. Hira mai yalwa da Hausa ta fi masa wannan amfani nesa ba kusa ba, kuma ba za ta hana shi Turanci gobe ba.

Abu biyu ku daidaita da su: fo da yaye. A fara zaunar da shi a fo lokaci ɗaya a gida da can, kuma ki ji da kunnenki abin da ake ce wa yaron da ya yi fitsari a wando. In tsawa ce da dungure kai, ki nemi wani wurin. Yaye kuma kada ki haɗa shi da makon da zai fara zuwa raino. Rabuwa biyu a lokaci guda ta yi masa yawa.

Mataki na biyar: shekara uku zuwa biyar

A nan iyaye suka fi matsa wa makarantu lamba, a fara ba yaro aikin gida, a cika littafi da ABCD. In ka yi magana a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma yatsun ɗan shekara uku ba su gama ƙwarin riƙe fensir ba. Zane a ƙasa da tsinke, murza yumɓu, zura igiya a marafan kwalba, ɓalla maɓallin rigarsa da kansa, su ne suke shirya hannun.

Ki nemi ajin da ake tatsuniya, a ce "ga ta nan ga ta nanku" yara su amsa, a tsaya a tsakiya a tambaye su me Gizo zai yi yanzu. Ajin da ake kacici-kacici da waƙa da tafi, ake ƙirga duwatsu ana taɓa kowanne, ake wasan 'yar kasuwa wannan na sayarwa wannan na taya. Yaron da ya koyi jiran layinsa, da faɗin abin da ke damunsa maimakon cizo, da zama ya saurari labari har ƙarshe, ya shirya shiga firamare. Bulala ba ta da gurbi a ajin.

In kuɗi ya yi ƙaranci, ki leƙa firamaren gwamnati ta unguwarku. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara, kuma makarantu da dama suna da ajin share fage na shekara guda kafin aji ɗaya.

Ki lissafa wuninsa gaba ɗaya har da Islamiyya. Haddar gajerun surori ta kunne ta dace da wannan shekarun sosai. Amma ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13, kuma wanda aka fitar ƙarfe bakwai na safe bai dawo ba sai magariba, da wuya ya same shi. A bar masa barcin rana.

Mataki na shida: ƙa'idojin lafiya da ɗauka

Wurin kirki zai nemi katin rigakafi kafin ya karɓi yaro. In ba su nemi naki ba, ba su nemi na kowa ba, kuma ƙyanda ba ta jira. Allurarta ta farko a wata tara ake yi, ta biyu a wata 15. Tambayi me suke yi in yaro ya fara gudawa, ko suna da ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, da wa za su kira, da asibitin da ya fi kusa. Mai zazzaɓi ya zauna a gida, har da naki. Ki rubuta musu sunayen waɗanda aka yarda su ɗauke shi. Kai ma maigida, lambarka ta kasance a can, kuma su san fuskarka.

Mataki na bakwai: saba masa a hankali, ki ci gaba da lura

Daga wajen wata takwas yaro yakan fara ƙiwa, wannan kuwa alama ce ya san nasa. Ki fara kai shi tun hutunki bai ƙare ba: ranar farko ki zauna tare da shi, washegari ki bar shi awa ɗaya ko biyu, ki riƙa ƙarawa. Ki bar masa zanen goyonki mai ƙamshin jikinki. Kada ki sulale ki gudu, ki ce masa "na tafi aiki, zan dawo bayan la'asar," ki miƙa shi, ki tafi ko yana kuka.

Da yamma kada ki tsaya a "ya ya wuni?", domin "lafiya lau" za a ce miki. Ce mata, "Anti, sannu da ƙoƙari, me ya ci yau, sau nawa ya yi barci, da wa ya yi wasa?" Wadda ta kula da shi ba za ta rasa ba ki labari ba. Kukan safe yakan lafa cikin 'yan makonni. In ya zarce haka, ko kina ganin tabon da ba wanda ya san mafarinsa, ko kuraje a mazaunai kullum, ko yaro mai surutu ya koma shiru, ki cire shi. In kuma ya kai wata 18 bai taka ba, ko shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ki kai shi asibiti a duba shi, har da kunnuwansa.