Yadda za ka zaga wuraren tarihi na jihar Alabama in Allah ya kai ka Amurka

Jama'a yawancin mutanenmu in sun je Amurka daga New York sai Washington, a ɗau hoto gaban dogayen benaye a dawo gida. Ni kam in kana da kwana huɗu a hannu shawarata ka gangara kudu ka shiga Alabama, don can ne za ka taka tarihin baƙar fatan ƙasar da ƙafarka.

Abu na farko mota, ko ka ɗauki haya ko ka samu ɗan uwa mai ita, saboda garuruwan a warwatse suke. In a Atlanta ka sauka awa biyu da ɗan wani abu ka shiga Birmingham, amma fa ka lura agogon Alabama yana baya da na Atlanta da awa ɗaya. Kuma kar ka je tsakiyar Yuli, zafin nan mai gumi ne, watan Maris ko Oktoba ya fi.

Ka fara da Birmingham, cocin nan na 16th Street inda 'yan wariyar launin fata suka dasa bam ranar 15 ga Satumba 1963 ya kashe 'yan mata huɗu. Gidan tarihin gwagwarmayar 'yanci yana tsallaken titi, ga dandalin Kelly Ingram nan kusa inda 'yan sanda suka saki karnuka da ruwan kashe gobara kan yara 'yan makaranta, duk da ƙafa za ka zaga su, wuni ɗaya ya isa.

Washegari ka kama babbar hanya I-65 zuwa Montgomery, kamar awa ɗaya da rabi. Nan ne Rosa Parks ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a bas ranar 1 ga Disamba 1955, baƙaƙe suka ƙaurace wa bas har kwana 381, mutane suna takawa a ƙasa zuwa wajen aiki rana da sanyi. Akwai gidan tarihinta, akwai cocin titin Dexter inda Martin Luther King ya yi limanci. Amma inda nake so ka ba lokaci sosai shi ne wurin tunawa da baƙaƙen da aka kashe ba shari'a, wanda aka buɗe a 2018, ƙarafa sama da 800 ne a rataye kowanne da sunan gunduma da sunayen mutanen da aka kashe a cikinta, kana tafiya ƙasa tana gangarawa su kuma suna ƙara yin sama har su koma saman kanka, wallahi ba wurin sauri ba ne, kar ka sa wani abu a bayansa ranar. Ka duba ranakun da suke buɗewa a intanet kafin ka taso.

Garin Selma kilomita 87 ne yamma da Montgomery. Don Allah kar ka tsallake gadar Edmund Pettus a mota, ka faka ka taka ta. Sai ka kai tsakiya sannan kake hango ɗaya ɓangaren, haka mutum wajen 600 suka hango 'yan sanda suna jiransu ranar 7 ga Maris 1965, aka fasa wa John Lewis, ɗaya daga cikin jagororinsu, kai, duk a kan neman 'yancin kaɗa ƙuri'a.

Batun abinci kuwa ka riƙa tambaya, naman alade yana shiga har cikin ganye da wake, kifi ya fi kwanciyar hankali.

Ka rufe da Mobile a bakin teku, awa biyu da rabi daga Montgomery, ka nemi unguwar Africatown. A 1860 jirgin ruwa Clotilda ya kawo mutum wajen 110 daga Ouidah ta ƙasar Benin ta yanzu, alhali an haramta shigo da bayi tun 1808, shi ya sa aka ƙona jirgin don ɓoye shaida, sai a 2019 aka tabbatar da ragowarsa a cikin kogi. Bayan sun samu 'yanci sun so komawa gida kuɗin jirgi ya gagara, sai suka haɗa ɗan abin da suke samu suka sayi fili suka kafa unguwarsu. Ka shiga gidan tarihin da aka buɗe a 2023, daga nan ka wuce maƙabarta wajen kabarin Cudjo Lewis, ɗaya daga cikin waɗanda jirgin ya kawo, Bayarabe ne, sunansa na gida Kossola, ya rasu a 1935. Jikokinsu suna nan a unguwar har yanzu, in ka haɗu da su ka yi gaisuwa tukuna kafin ka ciro waya.