Idan filash ya ƙi fitowa da kansa a Linux

Kada ka yi saurin taɓa /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera faifan da za a ɗora idan kwamfuta ta tashi. A ganina wahalar banza ce, domin ba shi ke fito maka da filash a allo ba. Wannan aikin udisks2 ne, manhajar da ke ɗora faifai, shi ma sai kanel, wato zuciyar Linux mai hulɗa da na'urori, ya ga na'urar tukuna. Don haka daga ƙasa ake faro bincike.

Buɗe tagar umarni ka rubuta sudo dmesg -w, sannan ka soka filash ɗin. In layuka suka taso da suna irin sdb1, kanel ya gan shi. In shiru kake ji, canza rami ko kebul.

Daga nan lsblk -f zai nuna maka irin tsarin ajiyar fayil da ke kansa, kamar NTFS ko exFAT. Sai ka ɗora shi da hannu: udisksctl mount -b /dev/sdb1 (ka sa sunan da ka gani a madadin sdb1). Umarnin nan na fi so, saboda in ya ƙi, ba ya ɓoye dalili.

Yawanci NTFS, tsarin ajiyar fayil na Windows, ke kawo rigima. In an fizge faifan daga Windows ba a sallame shi ba, yakan zo da alamar ba a rufe shi daidai ba, kuma direban ntfs3, wanda ya shiga kanel 5.15 a 2021, ba ya yarda ya ɗora irin wannan. Faifan cikin kwamfuta kuwa, Fast Startup, saitin saurin tashi na Windows, shi ke barinsa a kulle. Mutane kan garzaya ga ntfsfix -d, amma alamar kawai yake gogewa, ba ya gyara wata ɓarna ta kirki. Gara ka mayar da faifan Windows ka yi masa chkdsk, umarnin duba faifai da gyara shi, ka kashe Fast Startup ɗin. Shi exFAT tun kanel 5.4 na 2019 yake ciki.

To, in ya ɗoru da hannu lafiya lau, laifin na tebur ne, wato manhajar fuskar allo irin su GNOME ko Xfce. A GNOME rubuta gsettings set org.gnome.desktop.media-handling automount true. Xfce na bukatar thunar-volman, kuma sai ka kunna shi a saitin Thunar. Masu amfani da manajan taga i3 su sa udiskie. Ka kuma duba wurin da ya dace: ana ɗora filash a /media ko a /run/media, gwargwadon irin Linux ɗinka.

Wayar Android ta zamani ba ta fitowa a lsblk, domin da MTP take magana, wata hanyar tura fayil ta daban. Buɗe makullinta, ka zaɓi tura fayil, ka tabbata akwai gvfs-backends a Ubuntu, ko gvfs-mtp a Fedora.