Yadda ake toshe ƙofofin tayil mai sheƙi a bangon banɗaki

Tayil ɗin tangaran mai sheƙi ba ya shan ruwa sosai, abin da yake sha bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. Amma gogewar da ake yi masa a masana'anta don ya yi ƙyalli tana buɗe ƙananan ƙofofi a fuskarsa. Nan sabulu, lalle da rinin gashi ke maƙalewa. Aikin maganin toshewa, wanda masu shago ke kira sila, shi ne cike waɗannan ƙofofi.

A fara da gwaji, domin wani tayil ɗin yana zuwa da kariyarsa, mai rufin gilashi kuma ba ya buƙata. A yi zane da alƙalamin maka a kan ragowar tayil, a bar shi minti 10, a goge da sifirit. In inuwar zanen ta zauna, yana buƙatar sila.

A sayi mai shiga cikin tayil, wanda aka rubuta a jikin gwangwaninsa cewa na tangaran mai sheƙi ne. Mai kwanciya a sama kamar fenti ɓarewa yake yi da zarar ruwan zafi ya dame shi. Lita 1 takan ishi banɗaki ɗaya har ta yi saura.

Ya fi kyau a shafa kafin a cike tsakanin tayil da siminti, musamman in mai launi ne, don kada ya rina fuskar. In an riga an cike, a jira kwana 3. A wanke bangon, a cire kakin da wasu masana'antu ke shafawa, a bar shi ya bushe sarai. Ban da asid: yana cin simintin tsakani.

Sai shafawa. A buɗe taga, a sa safar hannu. Da farin tsumma mara gashi ake yi, daga sama zuwa ƙasa, tayil huɗu ko biyar a lokaci guda. Bayan kamar minti 5, a goge duk abin da ya rage da busasshen tsumma har bangon ya daina danƙo. Nan yawancin aiki ke lalacewa. Tangaran kaɗan yake sha, saura kuwa in ya bushe a sama sai ya bar hazo-hazo da sawun tsumma. A zafin bazarar Katsina yana bushewa da wuri, don haka a yi da sassafe, a rage faɗin wurin. Da hunturu a tare ƙura, tana mannewa. In hazon ya fito, a sake jiƙa wurin da sila kaɗan, zai narke, a goge nan take.

Kusurwa da mahaɗar bango da ƙasa silikon suke so, wato gam mai laushi kamar roba, domin siminti tsagewa yake yi a wurin. Sila ba ta hana yoyo.

Kada ruwa ya taɓa bangon sai bayan awa 24, wanka kuma bayan kwana 3. Ruwan rijiyar burtsatse yakan bar farin tabo ko da an toshe, sai a riƙa share bangon bayan wanka.