Kurakuran da masu ciwon gawut suka fi yi a kan abinci, garin furotin da magani

Kwana biyu ko uku bayan Babbar Sallah, mutum ya kwanta lafiya lau, can cikin dare sai babban ɗan yatsan ƙafa ya tashe shi. Wurin ya kumbura, ya yi zafi rau, fatar tana sheƙi, ko mayafi ya taɓa shi sai ya yi ƙara. Gari na wayewa a ce targaɗe ne a kira mai ɗori, ko a ce sanyin ƙashi ne a kawo man zafi da ruwan gashi. Kuskuren farko ke nan, domin murza gaɓar ƙara hura wutar yake yi. Abin da ke ciki sinadarin yurik asid ne da ya yi yawa a jini har ya daskare a gaɓar, ya zama ƴan tsinke-tsinke kamar allura. Wannan shi ne ciwon gawut. A ɗaga ƙafar, a naɗe ƙanƙara a tawul a ɗora kamar na minti 20, sannan a ga likita. In da zazzaɓi kada a kwana a gida, mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar.

Kuskuren da ya fi wahalar da mutane shi ne ɗora wa abinci laifin gaba ɗaya. Mafi yawan yurik asid jiki ne yake samar da shi da kansa, kuma ga yawancin masu gawut ƙoda ce ba ta fitar da shi yadda ya kamata, sau da yawa abin na gado ne. Yana fara daskarewa in ya kai wajen 6.8 a awon jini, likitoci kuma so suke ya sauka ƙasa da 6. Gyaran cima, komai tsananinsa, kusan 1 kacal yake ragewa. Wanda awonsa ya kai 9, ko ganye zalla ya koma ci ba zai isa can ba sai da magani.

Ko a abincin ma, sau da yawa ana barin jaki ana dukan taiki. Sai ka ga an hana dattijo ƙosai da alala da miyar alayyahu wai suna da furotin, alhali da yamma yana teburin mai tsire yana cewa a yanko masa hanta da ƙoda. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004, wanda ya bi maza sama da 47,000 tsawon shekara 12, ya nuna jan nama da abincin teku ne ke ƙara haɗarin, wake da ganyayyaki ba su ƙara ba, madara kuwa ragewa take yi. Don haka kayan ciki, da kifin gwangwani irin sadin, da jatan lande su ne abin kiyayewa. A rage jan nama, a ci ƙwai da wake, a sha nono da kindirmo, musamman wanda aka cire wa mai.

Akwai kuma ɓarawon da ba a zargi: lemon kwalba. Sukarin furuktos da ke cikinsa yana sa hanta ta ƙara samar da yurik asid. Mutum zai rantse bai taɓa kurɓar giya ba, wadda ita ma babbar mai tada ciwon ce, amma kullum sai ya kora abinci da kwalba biyu masu sanyi. Zoɓon da aka narka wa sukari ma ɗan uwansu ne.

Matasan da ke ɗaga ƙarfe sukan tambayi hukuncin garin furotin. Wanda aka yi da ruwan madara, wato mai rubutun whey a jikin roba, ba shi da yawan furin, sinadarin da ke rikiɗewa ya zama yurik asid. Matsalar tana cikin abin da ake haɗawa da shi: garin ƙara ƙiba mai cike da sukari, ƙwayoyin yis ko na busasshiyar hanta, tulin nama, ga zufa ga ƙarancin shan ruwa. A karanta abin da ke rubuce a jikin robar. Wanda ƙodarsa ta riga ta taɓu kuwa, kada ya fara sai likita ya yarda.

Ƙwayoyin kalsiyam ko magnesiyam ba sa narkar da abin da ya daskare a gaɓa. Bitamin C yana ɗan rage awon kaɗan, amma ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta ce a 2020 kada a ƙara shi da sunan maganin gawut. Jiƙa kanwa a sha wai don ta kashe asid, wannan kam gishiri ne ake ɗura wa mai hawan jini. Ma'adinin da ke da hannu na gaske shi ne dalma, wadda ta yi ɓarna a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010: tana lalata ƙoda, ƙodar kuma ta riƙe yurik asid. Mai aikin ma'adinai ko gyaran batir ya faɗa wa likita sana'arsa.

Haka nan a faɗa masa duk maganin da ake sha. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, da ƙaramin asfirin na kullum, da pyrazinamide na tarin fuka, duk suna ɗaga awon. Kada dai mutum ya daina su da kansa.

Sai batun allopurinol, maganin da ke rage yurik asid. Mutane suna shan sa kamar farasitamol, in ciwo ya tashi a sha, in ya lafa a ajiye. Kullum ake shan sa, ana farawa da kaɗan ana ƙarawa bisa awon jini. A watannin farko ciwon kan iya tashi saboda tsohon abin da ya taru ya fara narkewa, shi ya sa likita kan haɗa shi da colchicine, maganin da ke kwantar da kumburin gaɓa, kuma ba a dakatar da shi don ciwo ya tashi. Abin da ke sa a tsaya nan take a garzaya asibiti shi ne fesowar ƙuraje a fata, ko gyambo a baki. Da azumi kuwa, a tambayi likita a mayar da shan sa lokacin buɗa baki ko sahur, a kuma yawaita shan ruwa tsakanin magariba da asuba.