Bayan an sa na'urar bugun zuciya: yadda za a kula da ita idan an koma gida Tawa

Na'urar bugun zuciya ƙaramin akwati ne mai nauyin giram 20 zuwa 30, ana sa shi ƙarƙashin fata a saman ƙirji, galibi gefen hagu. Waya ɗaya ko biyu, wani lokaci uku, ke fita daga jikinsa ta bi jijiya har cikin zuciya. Aikin na'urar tsaro ne: idan bugu ya yi ƙasa da adadin da likita ya saita, yawanci 60 a minti, sai ta aika 'yar ƙaramar wuta zuciya ta buga. Ba kasafai ita kanta take lalacewa ba. Arne Larsson, mutum na farko da aka sa wa irinta a Suwidin a 1958, sai a 2001 ya rasu yana da shekara 86, ko da yake an canza masa na'ura sau da yawa. Inda matsala ta fi fitowa wuri uku ne: miki, wayar da ba ta gama kamawa ba, da barin zuwa awo.

Makonni shida na farko

Bakin wayar ɗan maƙale yake da bangon zuciya, kuma sai bayan mako 4 zuwa 6 nama ke rufe shi ya riƙe. Kafin nan, fizgar hannu na iya zare ta. Saboda haka kada gwiwar hannun gefen da aka yi aikin ta wuce kafaɗa, kada kuma a ɗauki abin da ya fi kilo 5. A gidajenmu wannan na nufin babu daka, babu jan guga, babu ɗaga jarkar lita 20 daga kurar ga-ruwa, babu cilla yaro baya don goyo, babu hauya. Wajen sa riga, a fara zura hannun aikin. Amma kada a ɗaure hannun a ƙirji kwana da kwanaki don tsoro, kafaɗa za ta sandare. A ci abinci da shi, a yi alwala da shi, a riƙa motsa shi a hankali.

Salla ba ta da matsala. Ɗaga hannu na kabbara yana yiwuwa gwiwar hannu na ƙasa. A sujada kada a jingina nauyin jiki kan wannan hannun, wanda kuma tashi ke yi wa wuya ya yi a zaune.

Miki

Nan ya kamata a fi sa ido, musamman a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da gumi ke jiƙa bandeji tun kafin azahar. Mikin ya zauna a bushe kwana 7 zuwa 10, ko har a cire zare. A yi wanka daga cibiya zuwa ƙasa, sama kuwa a goge da tsumma mai tsabta. Bandejin da ya jiƙe a kai ma'aikacin lafiya ya canza shi.

Ɗan kumburi da duhun fata a makon farko ba abin tashin hankali ba ne. Abin da ke sa a koma wurin likitan zuciya ranar nan shi ne ja mai yaɗuwa, zafi a wurin, ruwa ko mugunya, zazzaɓin da ya kai digiri 38, ko fata ta yi siriri har gefen akwatin na neman bayyana, ko da bayan shekara ne. Kada a yarda wani ya soka allura don zuƙe kumburin, kada wanzami ya yi tsaga ko ƙaho kusa da wurin, kada a shafa gari ko man gargajiya. Kada kuma a sayi kafso wurin masu tallan magani. Dalili shi ne ƙwayoyin cuta na manne wa ƙarfe da roba, inda magani ba ya isa sosai. Kafson zai kwantar da alamar, cutar kuwa ta bi waya ta shiga jini. Idan ta kai nan, sai an cire na'urar da wayoyinta gaba ɗaya.

A kuma daina taɓa akwatin ana juya shi da yatsa. Yana iya naɗe wayar ya janyo ta.

Salula da kayan wuta

Firji, fanka, talabijin, rediyo, dutsen guga, faifan hasken rana na kan rufi, duk ba su da illa muddin ba sa jan mutum. Abin gudu shi ne maganaɗisu da inji mai ƙarfi kusa da ƙirji, don maganaɗisu na canza yadda na'urar ke aiki, wutar inji kuwa tana iya ɗaukarta a matsayin bugun zuciya ta tsaya da aiki. Salula ta yi nisan santimita 15, wato a amsa kira da kunnen ɗaya gefen, kuma a daina sa ta a aljihun gaban riga, wanda a kan na'urar yake daidai. Bakanike kada ya sunkuya kan injin mota yana aiki, haka mai tada injin wuta idan NIGELEC ta ɗauke. Mai walda kada ya koma aiki sai ya yi magana da likita. Wanda ya ji jiri kusa da wani inji ya ja da baya, na'urar na komawa daidai nan take.

A filin jirgi na Diori Hamani, ko kan hanyar aikin hajji, a nuna katin na'ura, a wuce ƙofar bincike ba tare da tsayawa cikinta ba. Hoton ƙirji, sikana da eko ba su da matsala. IRM kuwa, wato injin hoton jiki mai aiki da maganaɗisu, ba a shiga sai likitan zuciya ya tabbatar na'urar da wayoyinta sun dace. Duk wanda zai yi tiyata, ko ta haƙori ce, ya faɗa tun farko.

Awo, ko da jiki lafiya lau

Kowace safiya, kafin a tashi, a sa yatsa biyu a wuyan hannu a ƙirga bugu na minti ɗaya cur, a rubuta. Idan ya sauka ƙasa da adadin da aka saita, ko jiri da suma sun dawo, ko shaƙuwa ta ƙi tsayawa, ko naman ƙirji na zillo daidai da bugu, ko hannun gefen ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a je babban asibitin Tawa a yi awon zuciya, a kira likitan da ya yi aikin.

Randebun farko yakan kasance tsakanin wata 1 zuwa 3, daga nan kowane wata 6 zuwa 12. Mun san Tawa zuwa Yamai, inda ake awon na'urar, kusan kilomita 550 ne, ga kuɗin mota ga masauki, shi ya sa da yawa ke dainawa da sun ji sauƙi. Amma batiri ba ya nuna alama a jiki sai ya kusa mutuwa. Yakan yi shekara 7 zuwa 12, kuma injin awo ne kaɗai ke ganin ya fara ƙarewa, lokacin da ya rage kamar wata 3. A nan akwatin kawai ake canzawa, wayoyin na nan. A fara tara kuɗin tun da sauran shekaru.

Kowane kamfani da injin awonsa: na Medtronic ba ya karanta Biotronik ko Abbott. Wanda zai je aikin a Tunisiya, Maroko ko Indiya ya tambaya tukuna wace iri ake iya aunawa a Yamai. Katin da ke ɗauke da sunan kamfani, lamba da ranar aiki ya zauna a aljihu, a ɗauki hotonsa a bai wa wani ɗan gida.

Na'urar ba ta maganin hawan jini ko ciwon suga, don haka a ci gaba da shan magunguna, musamman na tsinka jini ga wanda aka rubuta wa. Ita kanta ba ta hana azumi, magungunan ne ke buƙatar sabon tsari, sai a ga likita tun cikin Sha'aban. Tuƙa mota ko babur yakan yiwu bayan mako ɗaya idan suma ba ta dawo ba, direban haya da ɗan kabu-kabu kuwa su jira izini. Zaman aure na komawa da zarar miki ya warke, kuma mace mai na'ura na iya ɗaukar ciki ta haihu, a dai sanar da ungozoma da likitan zuciya tun awon farko.